Ɗan Dara a Farin Gida

Ba a daɗe da kunna fitilun titi ba wata ƙara ta tashi daga gidan Rinse Tolsma, irin wadda layin bakin ruwa na ƙauyen Wommerd bai taɓa ji ba. Ta fara da siririn fito mai tsawo, kamar butar shayin da aka manta a kan wuta, sannan ta rikiɗe ta koma kamar an zuba ƙusoshi a bokitin ƙarfe ana girgizawa. Agwagin da ke kwana a ƙarƙashin gada suka tashi suka sake wuri.

Baukje, maƙwabciyarsa da bango ɗaya ya raba su, ta shigo ta ƙofar baya ko ƙwanƙwasawa babu, ludayin miya a hannunta. Ta tarar da shi zaune a kicin gaban rediyonsa mai cin kaset, ya ɗora hula a gwiwa, ya karkata kai kamar mai sauraron wa'azi a coci.

"Rinse! Wa ake yankawa a gidan nan?"

"Yi shiru mana. Harmen ne."

"Wane Harmen? Wanda ko ruwa ba ya iya nema da baki?"

"Kaset ɗinsa ne ya iso ɗazu. Na san kwamfuta ake sa wa. Na ce bari dai in fara ji da kunnena."

Baukje ta tsaya ta saurara, fuskarta a yamutse. "To me ya ce?"

"Akwai wani wuri a tsakiya," in ji Rinse, "da ya yi kama da tarinsa."

Rinse shi ne mai ɗaga gadar Wommerd kafin ya yi ritaya. Idan jirgin ruwa ya zo wucewa sai ya murɗa gadar ta tashi, ya zura wa matuƙin takalmin katako a bakin sandar kamun kifi a jefa masa kuɗin wucewa a ciki. Aiki ne na jira, shi ya sa ya saba da kallon abubuwan da ba su dami kowa ba: yadda hazo ke cinye hasumiyar coci daga ƙasa ya bar zakaran ƙarfen da ke samanta yana yawo a iska, ko wata saniya da ba ta yarda ta haye gadar sai an rufe mata ido da riga. Harmen kuwa masunci ne mai yawan tsokana. Tun suna samari suke buga dara kowace yamma a teburin kicin ɗin nan, darar mutanen yankinsu na Friesland, mai allo na baƙaƙe da fararen gidaje, wadda ake ci a karkace kuma ake ci a miƙe. Matansu sun zo sun same su a kai, sun rasu sun bar su a kai.

A farkon shekarar, da ƙanƙara ta narke, Harmen ya faɗi a cikin kwalekwalensa. Ya farfaɗo ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi gaba ɗaya. Ɗansa Jelmer ya ɗauke shi zuwa Limburg, can kudu, inda yake aiki. Harmen ba ya iya rubutu, ba ya iya waya. Hannun hagu ne ya rage masa, shi ma yana rawa, sai dai yatsa ɗaya yana iya danna abu.

Sipke mai shagon rediyo ne ya kawo dabarar yadda za su ci gaba da dararsu. Kwamfutoci biyu ƙirar Korvan, ɗaya a nan, ɗaya a can. Ya koya musu zana allon dara a fuskar talabijin. Mutum ya danna madanni ya matsar da ɗansa, ya adana allon a kaset, ya kai gidan waya. Ɗayan ya sa a tasa, ya ga abin da aka taka, ya mayar da martani.

"Uwa ɗaya uba ɗaya suke, Baba Tolsma," in ji Sipke. "Abin da wannan ta faɗa, waccan za ta ji. Amma ka riƙe wannan: allo ce kawai, ba alƙali ba ce. Duk inda ka ajiye ɗa, nan za ta bar shi."

Korvan ɗin Rinse wata 'yar baƙar aba ce, faɗinta kamar tiren shayi, amma hali gare ta kamar tsohuwar goɗiya. Idan gari ya yi sanyi ba ta tashi sai an bar ta ta ɗumama. Idan ta ɗumama da yawa sai ta manta duk abin da ke cikinta. Rinse ya gano cewa in ya ɗora mata kwalbar madara mai sanyi daga firji takan yi haƙuri har ya gama tunani, don haka ya riƙa sayen kwalba biyu, ɗaya tasa ɗaya tata. A bayanta akwai wani ɗan akwati da ake soke mata don ƙarin ƙwaƙwalwa. Da an ɗan taɓa tebur sai ya motsa, allon ya ɓace. Ya tokare shi da guntun tsohon takalmin katako. Maɓallin ƙarar rediyo kuwa yana da wurin da take so, ba sama ba ƙasa, Baukje ta ɗiga masa jan farce a wurin. Kuma ba ta shiri da injin wankin Baukje ko kaɗan. Da injin ya fara juyawa a ɗaya gefen bangon sai talabijin ya cika da farin yayyafi.

"Wato yanzu sai na nemi izinin akwatinka kafin in wanke zanin gadona?" in ji Baukje.

"Ba ni ba ne, ita ce. Ki buga bango sau biyu kafin ki kunna."

"Mijina ma ban taɓa buga masa bango ba."

Amma tana bugawa.

Duk wannan wahalar Rinse bai ɗauke ta a bakin komai ba, domin idan allon ya fito, Harmen ne ke fitowa. Ba wanda ke taka dara irin tasa. Zai bar maka ɗa a gefen allo kamar ya manta da shi, ka ci kana murna, ka waiga ka ga ya kwashe maka uku. Ran da ya yi masa haka ta kaset, Rinse ya tashi tsaye ya zagi talabijin da sunan Harmen, zagi mai daɗi, har Baukje ta jiyo ta bango ta yi dariya ita kaɗai. Mutumin yana nan. Baki ya tafi, hannu ya tafi, amma ɗan banzan wayon nan yana nan daram a cikin kansa.

Bayan bikin Sinterklaas na farkon Disamba, da sanyi ya kankama, wani kaset ya iso. Rinse ya ɗora madara, ya duba jan farce, ya jira. Allon ya sauko layi layi daga sama kamar yadda ya saba. Da ya cika, sai ga ɗan Harmen guda zaune a farin gida.

A dara ba a taka farin gida. Yaron da aka fara koya wa jiya ma ya san haka. Rinse ya goge tabarau. Ya goge fuskar talabijin da hannun riga. Ya mayar da kaset baya ya sake sawa. Ɗan yana nan inda yake, shi kaɗai a fari, kamar mutumin da ya shiga gidan biki bai san kowa ba.

Ya ce a ransa tsokana ce, halin Harmen ne. Ya gyara ɗan zuwa baƙin gida mafi kusa, ya taka nasa, ya aika. Kaset na gaba ya dawo da 'ya'ya biyu a fari, ga kuma wani ɗa da Rinse ya riga ya ci tun kafin Kirsimeti ya dawo kan allo. Na bayansa ya zo da sarki a layin da ba a naɗa sarki, alhali sai ɗa ya kai layin ƙarshe yake zama sarki.

Rinse ya daina cin abincin kirki. Baukje ta kawo masa miyar wake ta dawo ta tarar da ita ta daskare a kwano.

"Na'urar ce," in ji ta. "Abin da ke shan madara kamar jariri, me za ka jira daga gare shi?"

"In kuma ba ita ba ce fa?"

"To me?"

Rinse ya ture kwanon miyar gefe. Ya tuna kakarsa, wadda a ƙarshen rayuwarta take zuba gishiri a shayi tana kiran kowa da sunan karen da ya mutu tun tana yarinya. Ita ma da ƙananan abubuwa ta fara.

Washegari ya sa kaset a aljihu ya hau keke zuwa shagon Sipke. Sipke ya saurare shi yana susar ƙeya.

"Juya taka ka duba ƙarƙashinta. Wace irin takarda aka manna?"

"Kore."

"To ka ga. Kamfanin nan ya canza kayan cikinta ya bar sunan yadda yake. Akwai mai kore, akwai mai rawaya. A waje tagwaye ne, a ciki ko gaisawa ba sa yi sosai."

"Kai ka ce min uwa ɗaya uba ɗaya."

"Haka suka ce min ni ma. Ashe uban ya sake aure."

Akwai Korvan uku a shagon. Sipke ya jera su a kan kanta ya ce a gwada. Mai koren takarda ta nuna abin da ta gida ta nuna, 'ya'ya a fari da sarkin da ba a naɗa ba. Mai rawaya ta zana rabin allo a kife, ta cike sauran da haruffa da alamomin tambaya, sannan ta yi wani ɗan kuka ta ɗauke wuta. Ta ukun wata ce da fasto ya dawo da ita saboda tana kashe kanta duk lokacin da aka buga ƙararrawar coci. Ita ce ta zana allo tsaf, kowane ɗa a baƙin gida. Rinse ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Harmen ya bar ɗa a gefe kamar ya manta da shi, a bayansa kuma tarko ne na cin uku.

"Ga shi nan!" in ji Rinse. "Wannan shi ne Harmen. Sayar min da wannan."

"Kai, Baba Tolsma, kada ka yarda da ita. Duk cikinsu ita ce ta fi hauka. Jiya na tambaye ta bakwai sau takwas ta zana min jirgin ruwa."

"To ta yaya mahaukaciya za ta ƙirƙiro tarko irin wannan?"

"Ta yaya masu hankalin za su sa ɗa a fari?" Sipke ya mayar da kaset baya. "Bari mu sake."

A karo na biyu ta fasto ba ta nuna komai ba sai baƙin fili. Sipke ya ɗauki waya ya kira kamfanin. Ta yi ta ƙara ba wanda ya ɗaga. Ya ce tun farkon wata haka take yi.

Da yamma Rinse ya shiga gidan Baukje ya kira Limburg da wayarta. Jelmer ne ya ɗauka.

"Kawu Rinse! Kana lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Ina so ka juya na'urar babanka ka gaya min launin takardar da ke ƙarƙashi."

Aka ji motsin kujera. "Shuɗiya ce, Kawu."

"Babu shuɗiya. Kore ce ko rawaya."

"Ga ta a gabana, shuɗiya. Ta farkon ta ƙone lokacin Sinterklaas, mai shago ya canza mana da wannan. Ya ce duk ɗaya ne." Jelmer ya sassauta murya. "Kawu, kana cin abinci dai? Akwai mai leƙo ka?"

"Ni ka bar ni. Yaya jikin babanka? Gaya min gaskiya, ɗan nan."

"To... da sauƙi. Sai dai kwanan nan yana yawan zama ya zura wa allon ido. Shekaranjiya na shigo na tarar yana hawaye. Kawu, ka san ranar da muke yau?"

"Wace irin tambaya ce wannan?" Rinse ya ajiye waya.

Ya zauna a kujerar Baukje hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. An canza na'ura daidai lokacin da abin ya fara, wannan ya nuna na'urar ce. Amma mutum yana zaune yana kuka gaban allon dara, wannan kuma ya nuna wani abu daban. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, ko'ina ta zauna daidai.

"Zan je," in ji shi.

"Kai kaɗai? Kai da ka taɓa sauka a tashar Zwolle ka hau jirgin ƙasan da ya dawo da kai gida? Tare za mu."

Ranar Asabar suka kama hanya. Rinse ya naɗe Korvan ɗinsa a bargo ya rungume ta a cinya, guntun katakon a aljihun gaba. Baukje ta riƙe babbar jaka da burodin sukari a sama. Duk tsawon hanya Rinse yana kallon taga. Ya ga wata gona da aka jera kabeji a cikinta layi layi, guda ɗaya ya fita daga layi, abin ya tsaya masa a rai har suka wuce koguna.

Jelmer ya tare su a tasha. Ya kama gwiwar hannun Rinse kamar mai tsallakar da makaho, yana magana da ƙarfi, kalma ɗaya ɗaya.

"Kawu. Ni ne. Jelmer. Ɗan Harmen."

"Na san ka tun kana fitsari a kwalekwalen ubanka. Sake min hannu."

Harmen yana zaune a kujera kusa da taga, bargo a ƙafafu. Ya rame, gefen bakinsa na dama ya zube. Rinse ya tsaya a bakin ƙofa da na'ura a rungume. Suka kalli juna, kowa yana leƙen idon ɗan'uwansa kamar mai duba rijiya ko da sauran ruwa. Rinse ya sunkuya ya yi magana a hankali.

"Harmen. Ka gane ni? Ni ne Rinse. Na gada."

Harmen ya buɗe ido sosai. Ya ɗaga hannun hagu, ya nuna Rinse, ya kai yatsa gefen kansa ya juya shi, sannan ya kalli ɗansa da alamar tambaya.

"Me yake nufi?" in ji Rinse.

Jelmer ya yi ta murza hannuwa. "Kawu, kada ka ji haushi. Tun bayan Sinterklaas kaset ɗinka ke zuwa... wani iri. Baba ya ɗauka kanka ne ya fara taɓuwa. Shi ya sa yake kuka. Mun ma yi shawarar rubuta wa likitan Wommerd."

"Kaina? Nawa?"

"Bari ka gani."

Ya kunna Korvan mai shuɗiyar takarda, ya sa kaset na ƙarshe da Rinse ya aiko. Allon ya sauko. 'Ya'yan Harmen suna zaune lafiya a baƙaƙen gidajensu, tarkon nan na gefe yana nan kamar yadda na'urar fasto ta nuna. Na Rinse kuwa sun watse kamar kajin da aka jefa wa dutse. Uku a fari, ɗaya a kan ɗan'uwansa, ɗaya ma ya fita daga allon gaba ɗaya ya tsaya a ƙasan talabijin shi kaɗai.

Baukje ce ta fara fashewa da dariya, har ta zauna a bakin gado. "Tsofaffin banza! Kowa na zaune a gidansa yana makokin hankalin ɗan'uwansa!"

Sai wani sauti ya fito daga ƙirjin Harmen, rabin tari rabin haushi, kafaɗarsa ɗaya tana girgiza. Dariya yake yi da rabin fuska. Rinse ya ajiye na'ura ya kama hannunsa na hagu da hannu biyu.

"Ɗan iska," in ji shi. "Ni ka ɗauka na haukace? Ni?"

Da a nan aka tsaya da an sha shayi lafiya. Amma Rinse ya ce sai ya wanke kansa. Sai an sa kaset ɗin nan a tasa na'urar kowa ya ga abin da ya taka da gaske. Wayar Korvan ɗinsa ta ƙi shiga talabijin ɗin gidan, bakinta daban, sai da Jelmer ya hau sama ya sauko da wani ƙaramin tsohon talabijin. Aka tokare akwatin baya da katako, aka samo madara. Rediyon Jelmer ba shi da ɗigon jan farce, aka yi ta murɗawa ana lalube. Daga ƙarshe allon ya sauko.

Ba ɗa ko ɗaya a fari. Rinse ya buɗe baki zai yi magana, sai Harmen ya miƙa yatsa ya nuna kusurwar hagu. Wani ɗan Rinse, wanda ba sarki ba, ya koma da baya gida ɗaya, ba tare da ya ci komai ba. Wannan ma ba a yi.

"Ban taka wannan ba," in ji Rinse.

"Ta sha jijjigar jirgi ne, Kawu," in ji Jelmer da sauri.

"Madarar nan ba sanyi," in ji Baukje.

"A sake sawa," in ji Rinse.

Aka sake, na'urar ta ƙi karɓa. Aka kuma sakewa, ta zana allon, ɗan yana gaba inda ya kamata, amma wani daban ya ɓace. Rinse ya tsaya yana kallo. Ya yi ƙoƙarin tuna yammacin da ya yi wannan takun. Ya tuna miyar da ta daskare, ya tuna yana ta gyara 'ya'yan Harmen daga fari zuwa baƙi yana zaɓar musu gidaje da ka. Abin da ya taka da nasa hannun kuwa ya neme shi ya rasa. Harmen yana kallonsa, dariyar ta tafi.

Baukje ta jawo jakarta, ta ɗaga burodin sukari, ta zaro allon katako na kicin ɗin Rinse da gwangwanin 'ya'yan dara. Ta ture na'urorin biyu gefe ta shimfiɗa shi a kan tebur.

"Ga wanda ba ya shan madara. Ku fara sabo."

Suka jera. Harmen ya ɗauki ɗa, hannunsa na rawa, ya ajiye shi ya faɗa rabi a fari, tsakanin baƙaƙen gidaje biyu. Rinse ya tura shi na dama. Harmen ya make masa hannu. Ya tura shi na hagu. Harmen ya sake make shi, ya ɗan yi tunani, sannan ya gyaɗa kai a mayar da shi na dama. Ko ra'ayi ya canza, ko tsokana ce, ko mantawa ya yi, Rinse bai sani ba, bai kuma tambaya ba.

A hankali wasan ya kama. Jelmer ya kawo gahawa aka yanka burodi. Yana tsaye a bayansu yake ba da labarin cewa ya je shagon da ya sayi tasu, mai shagon ya ce kamfanin Korvan ya rufe, ba za a ƙara samun mai kore ba balle a haɗa su iri ɗaya.

"To ku yi musanya da wata ƙirar mana," in ji Baukje. "Ai ba su kaɗai ke yin akwatin ba."

"Na tambaya. Allon da Sipke ya zana Korvan kaɗai ke gane shi. Sauran kowa da yarensa."

Ba wanda ya saurare su a teburin. Rinse ya samu sarki yana ta yawo da shi. Ya kai hannu zai sake matsar da shi, Harmen ya ƙwanƙwasa tebur sau uku da ƙarfi. A darar Friesland ba a taka sarki fiye da sau uku a jere in mutum yana da sauran 'ya'ya.

"Biyu na taka," in ji Rinse. "Wannan ne na uku."

Harmen ya girgiza kai ya ɗaga yatsu uku.

"Biyu! Daga nan zuwa nan, daga nan zuwa..." Ya tsaya da yatsa a iska. "Jelmer, kai ka gani?"

"Ni ban san dokokin ba, Kawu."

"Baukje?"

"Ni burodi nake yankawa."

Rinse ya janye hannu daga sarkin ya taka wani ɗa daban. Harmen ya sauke yatsunsa, amma shi ma sai ya tsaya yana duban su, yana lanƙwasa ɗaya yana miƙewa kamar bai gama yarda da lissafin ba. Suka ci gaba. Hasken taga ya koma ja, ya koma toka. Harmen ya bar ɗa a gefen allo. Rinse ya daɗe yana kallonsa, ya duba bayansa ta karkace, ya duba ta miƙe, bai ga tarko ba, kuma bai yarda babu ba.

Jelmer ya leƙo da makullin mota a hannu. "Kawu, in ba mu tashi yanzu ba jirgin arewa zai tafi ya bar ku."

Rinse bai motsa ba. Rabin 'ya'yan suna kan allo, takun nasa ne. A ƙarshen tebur Korvan biyu suna zaune gefe da gefe, baƙaƙe, iri ɗaya sak, ɗaya da kwalbar madara a ka. Baukje ta sa rigar sanyinta, ta ɗaura ɗankwali, ta tsaya tana duban allon, ta dubi na'urorin, ta dubi tsofaffin biyu.

"To wannan da kuka fara," in ji ta, "a ina za ku ƙarasa shi?"